Jini a Kan Teburin Jibi

Shafi na 31

Masu turo min saƙon murya cewa na bar Damaris a kulle a ɗaki na tafi sabgogina, duk na ji ku. Ku gyara zama. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar ganin jini ya tsallake shafin yau, ban riƙe shi ba.

*

Ranar Jibin Ubangiji ce, ƙaramar majami'ar da ke bayan layin teloli a unguwar Briqueterie ta Yaounde ta cika har wasu na tsaye a jikin bango. Tun da aka fara sujada idon Mama Afiniki, shugabar zumuntar mata, yake komawa kan kujerar da ke gefenta. Nan Damaris ke zama, tulun kiɗa a kan cinya. Yau tulun na ajiye a ƙasa, ba wanda ya taɓa shi.

Da safe ta tare mijin Damaris a bakin ƙofa ta tambaye shi.

"Palu ne, Mama," in ji Dattijo Andarawus, har da russunawa. "Na ba ta magani, na ce ta kwanta."

"Zazzaɓi da tsohon ciki? Ka kai ta asibiti mana."

"Ana tashi zan kai ta."

Ta yarda. Ba ta taɓa samun dalilin ƙin yarda da shi ba. Shi ne mijin 'yarta Bilhatu, wadda ta rasu a Garwa da cikin fari. Bayan rasuwar ya biyo ta Yaounde, ya riƙe ta kamar ita ta haife shi. Da ta ga zaman gwauranci ya yi masa yawa, ita da kanta ta zaɓo masa Damaris a cikin 'yan matan ikilisiya, ta tsaya a matsayin uwa ranar ɗaurin aure.

Fasto Zakka ya gutsura gurasa ya yi addu'a. Dattawa suka ɗauki tire suka shiga layi. Andarawus ne ya zo ɓangaren mata, cikin farar riga mai dogon hannu, tirensa cike da ƙananan kofuna na jan ruwan folere, wato zoɓo.

Ya miƙo wa Mama Afiniki ke nan aka ji wani moto, wato babur, ya ci birki a ƙofa. Mai shi bai ko kafa shi ba, ya sake shi ya faɗi.

Garga ne.

Ba wanda bai san shi ba a nan. Mahauci ne, teburinsa na bakin titi, kuma wan Damaris ne uwa ɗaya. Musulmi ne, amma duk Kirsimeti shi ke yanka musu sa, ya zauna a ci tare da shi. Bai taɓa taka ƙofar nan ba tare da sallama ba.

Yau babu sallama.

Gaban rigarsa jiƙe yake da jini tun daga ƙirji har cinya. A hannunsa na dama akwai addar da yake sara ƙashi da ita.

Mama Afiniki ta daɗe tana sayen nama a wurinsa, ta san Garga ba ya barin jinin dabba ya taɓa masa tufa.

"Ina yake?" in ji Garga.

Bai ɗaga murya ba, amma har na layin gaba sun ji.

"Garga, lafiya?" in ji Fasto daga bayan tebur. "Muna tsakiyar sujada ne, ɗana."

Bai ko kalle shi ba. Idonsa ya bi layi ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan farar rigar.

Andarawus bai tambayi ko lafiya ba. Baya ya ja, kofunan suna karkarwa a kan tiren.

Tsalle ɗaya Garga ya yi ya haye benci. Mata suka watse, wata ta faɗi a kan wata, goyo ya tsala ƙara. Saran farko a kan tiren ya sauka, ya rabe biyu, folere ya fantsama a fuskar Mama Afiniki. Andarawus ya ɗaga hannu ya kare kansa, na biyu ya same shi a damtse. Hannun rigar ya tsage, naman ya buɗe.

Ya kurma ihu ya juya zai gudu. Garga ya cafko wuyan rigarsa ta baya, ya juyo da shi, ya haɗa masa goshi da hanci. An ji ƙarar ƙashin har ƙofa. Andarawus ya tafi da baya ya daki teburin Jibi, tebur da gurasa da farin mayafi duk suka bi shi ƙasa.

Sai a lokacin samarin mawaƙa suka farfaɗo. Biyu suka ɗaga benci suka sauke wa Garga a gadon baya. Ya durƙusa, bai saki addar ba. Wani ya zaro ƙarfen da ake ɗora makirfo ya kai masa a gira, jini ya ɓalle ya rufe masa ido ɗaya.

"Ku kashe shi," wani ke faɗa daga baya. "Har cikin ɗakin Allah?"

Garga ya miƙe yana jujjuya addar, iskarta na kuka. Samarin suka ja da baya, amma ba su ajiye abin da ke hannunsu ba.

Wata yarinya ta samu ƙofa ta fita da gudu ba ɗankwali, tana ihun ana yanka mutane a coci. Tana fita Malam Babba tela, wanda shagonsa ke jingine da bangonsu, ya kutso kai, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya janyo ƙofar ƙarfen ya danna sakata sama da ƙasa.

Garga ya taka zuwa inda Andarawus ke kwance. Ya sa ƙafa ya danne masa ƙirji, ya ɗaga addar da hannu biyu.

Mama Afiniki ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Gwiwoyin da ke hana ta hawa tudun Messa ba su ce mata komai ba. Ta faɗa kan Andarawus ta rufe shi da jikinta, ta miƙa hannun hagu sama.

Garga ya so ya janye, bai samu duka ba. Bakin addar ya zauna a tafinta.

Zafin ya ratsa har kafaɗa. Ba ta saki ba, ta ƙara damƙewa, jini na bin gwiwar hannunta yana ɗiga a kan zanen zumunta.

"Tashi, Dada," in ji Garga, yana haki. Haka yake kiranta, wato uwa. "Ba ni da magana da ke."

"Ba zan tashi ba."

"Wallahi ki tashi."

"In shi kake so, ta kaina za ka bi."

"Kin san abin da kike karewa kuwa?"

"Ɗana ne."

Wata irin dariya ta kuɓuce masa, hawaye na wanke jinin da ke kumatunsa.

"Ɗanki. To jinin wa kike gani a rigata?"

Ta dubi rigar, shi kuma ya ci gaba.

"Na Damaris ne. Maƙwabciyarsu ce ta ji nishi, ta ɗauko taɓarya ta fasa kwaɗon da ya sa wa ƙofa. A ƙasa ta same ta, tana jan ciki. Da zane aka ɗauko ta aka kawo min teburi, gaban duk mutanen titi. Ni na rungume ta a kan moto har asibiti."

Wanda ke riƙe da ƙarfen makirfo ya sauke hannu.

"Ɗan fa?" in ji Mama Afiniki.

"Sun ciro shi. Namiji. Ba ya motsi."

Wata daga cikin matan zumunta ta ɗora hannu a ka ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ita kuma an shiga da ita ɗakin tiyata. Likita ya ce in yi addu'a. Kin san a kan me, Dada? Riga. An ɗauke wuta, ta yi masa guga da dutsen gawayi, garwashi ya faɗa ya ƙona wuyan. Da dutsen ya buge ta a fuska. Da ta faɗi ya bi cikin da takalmi. Sannan ya sa rigar ya kulle ta, ya taho raba wa mutane abin sha."

Mama Afiniki ta sunkuyar da kai. Fuskarta dab da wuyan Andarawus take. Ga shi nan, a gefen hagu, ƙaramin rami baƙi mai launin ƙasa a kewaye, an lanƙwasa kwalar an ɓoye shi.



A waje hayaniya ta fara kumbura. Ana buga ƙofa da tafin hannu, ana kiran sunan Garga.

"Garga, ka ji ni," in ji Malam Babba, bayansa manne da ƙofar. "Rabin unguwa na nan waje. Wasu sun ji an ce ka shigo yanka Kirista, wasu sun ji an ce Kirista sun rufe ka suna duka. Na kira 'yan sandan komisariya, amma titi ya cushe. In ka kashe mutum a ɗakin nan, ba wanda zai tsaya tambayar dalili. Daga nan har kasuwar Mokolo sai an ɗebi gawa. Accu, yi haƙuri ɗan'uwana, bar shi."

"Ƙanwata ce, Malam."

"Na sani."

"Ni na goya ta. Ni na kawo ta garin nan."

Mama Afiniki ta ɗago ta dube shi cikin idon da ya rage masa a buɗe.

"Ba don shi nake roƙonka ba yanzu," ta ce. "Don ita ne. In Ubangiji ya tashe ta, wa za ta buɗe ido ta gani? Ɗa babu, miji ga shi, kai kuma kana kurkuku? Ba ni."

"Dada..."

"Ba ni, Garga. Ni na sa ta a gidan nan, ni zan tsaya a kan maganarta. A gaban Allah na faɗa."

Garga ya daɗe yana kallon mutumin da ke ƙarƙashinta, sannan ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ya zauna a kan karyayyen benci, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

Ta karɓi addar da hannun dama ta miƙe. Wata ta warware ɗankwali ta ɗaure mata tafin.

Fasto Zakka ya matso, yana taka gurasa bai sani ba.

"A ɗaure masa hannun nan kar jini ya ƙare," ya ce. "Dattijo, tashi zaune. Me ya faru a gidanka?"

Andarawus ya jingina da ƙafar tebur. Hancinsa ya karkace, maganarsa na fita ta cikin jini.

"Baba Fasto, sharri ne. Mama, kin san ni. Ban taɓa ta ba. Zamewa ta yi a banɗaki, ta faɗi a kan bokiti."

"Da safe ka ce min palu ne," in ji Mama Afiniki.

"Don kar hankalinki ya tashi ne, Mama."

"Kwaɗon fa?"

"Saboda ɓarayi."

"Zamewa a banɗaki."

Ba Mama Afiniki ce ta maimaita ba. Daga layin gaba muryar ta fito. Mama Luwisa ce, matar Fasto, mace mai shiru wadda ko a taron zumunta sai an roƙe ta take magana. Tana tsaye, ta riƙe bayan kujera da hannu biyu.

"Haka ka ce a Garwa ma. Kalma ɗaya ba ka canja ba."

"Luwisa, zauna," in ji Fasto.

"Na gaji da zama."

"Ça suffit, ya isa haka. Na ce ki zauna, ba nan ne wurin ba."

"Ina ne wurin, Baban yara? Sai an binne wannan ma?"

Ta ratso ta tsakanin bencina har ta zo gaban Mama Afiniki. Ba ta iya haɗa ido da ita ba, ta zube a kan gwiwoyinta.

"Yaya Afiniki, ni na yi wa Bilhatu wanka."



"Na sani," in ji Mama Afiniki a hankali. "Kin faɗa min. Na gode miki tun lokacin."

"Ban faɗa miki abin da na gani ba. Haƙarƙarinta biyu a karye. Leɓenta a fashe. A cikinta kuma sawun takalmi ne, Yaya, har zanen ƙasansa ya fito. Na kira maigidana na nuna masa da idonsa."

Duk idanu suka koma kan Fasto.

"Dattawa ne suka zauna," ya ce, yana share gumi da hannun riga. "Ni sabon zuwa ne a Garwa a lokacin. Suka ce in maganar ta fita sunan ikilisiya zai ɓaci a gari. Ya yi kuka, ya tuba, an dakatar da shi daga Jibi, aka yi masa addu'a..."

"Shi ya sa ba a jira ni ba," in ji Mama Afiniki.

Ba tambaya ba ce. Ta tuna jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ta tuna motar da ta ɗauke ta daga can tana kuka har Garwa, ta iso ta tarar da tudun ƙasa. Suka ce mata zafin garin ne ba ya barin gawa ta jira. A bakin kabarin Andarawus ya rungume ƙafafunta yana birgima, ita ce ma ta riƙa ba shi haƙuri.

"Kana nan ranar da na kawo maka Damaris," ta ce wa Fasto. "Na ce ga yarinyar da na zaɓa masa. Ka ce min Ubangiji ya yi zaɓi."

"Na ɗauka ya canja, Mama."

"Kai ka ɗaura."



Ta juya ga Andarawus. Ya fara ja da baya da mazaunai, yana barin jan sawu a siminti.

"Mama, ki saurare ni."

"Me Bilhatu ta yi maka?"

"Shaiɗan ne, Mama. Ba ni ba ne. In abin ya taso min ba na sanin inda nake."

"Na ce me ta yi maka?"

"An gafarta min. Baba Fasto, faɗa mata, an yi min addu'a."

"Andarawus."

Ya haɗiye jini, ya kawar da kai.

"Miya ce," ya ce. "Na dawo da baƙi, ba ta gama ba."

Ba wanda ya yi zaton tsohuwa za ta iya wannan saurin. Addar ta tashi sama ta sauko da duk ƙarfin da ya rage a jikinta. Mata suka rufe ido.

A ƙafar teburin ta nutse, dab da kunnensa, katakon ya tsage har ƙasa. Gefen kunnen ya tafi da ita. Andarawus ya dafe wurin yana wani irin kuka kamar akuya, fitsari na bin wandonsa.

Ita kanta ba ta san ko kuskure ta yi ko fasawa ba.

Ta taka teburin ta fizge addar.

Garga ya ɗago kai yana kallonta. Bai tashi ba.

Bugun ƙofar ya canja. Yanzu ba hannu ba ne, wani abu mai nauyi ake kawowa da gudu ana dukanta da shi, ƙasa na zubowa daga jikin bango. Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya bi shi. Yara suka shige ƙarƙashin bencina.

Malam Babba ya leƙa ta ramin makulli, ya juyo fuskarsa ta sauya.

"Sun ji gaskiyar magana," ya ce. "Maƙwabciyar ta zo ta faɗa musu. Yanzu ba batun coci ko masallaci ba ne, bakinsu ya zama ɗaya. Mahauta, 'yan moto, matan kasuwa, har da naku da suka makara. Shi suke so."

Ta ƙarƙashin ƙofar warin fetur ya shigo. An ji ana gangaro taya a kan tsakuwa.

"A fito da shi," ake ta faɗa. "A fito mana da shi."

Andarawus ya rarrafo ya kama gefen zanenta.

"Mama, kar ki bari. Don Yesu, Mama. Ƙona ni za su yi."

Ta dubi hannun da ke riƙe da zanen har sai da ya saki. Sannan ta nufi ƙofa. Mutane suka dare mata hanya, matan zumunta na kiran sunanta ƙasa-ƙasa, ba wadda ta yi ƙarfin halin taɓa ta.

Fasto ya sha gabanta, ya haɗa hannuwa biyu.

"Mama Afiniki, na yi zunubi, ki hukunta ni yadda kike so. Amma in kin buɗe ƙofar nan, a gaban yaran nan za a kashe shi. Ki tuna wanda kike bi."

"Yau ka tuna da shi?"

Ta kewaye shi ta wuce.

Saura Malam Babba. Ya baza hannuwa a jikin ƙofar, ƙarfen na tsalle a bayansa duk lokacin da aka doka.

"Maman Bilhatu," ya ce, "tun ina yaron shago nake ganinki a layin nan. Ban taɓa jin kin zagi ko kaza ba. Me za ki ce musu?"

"Matsa, Malam Babba."

"Ki faɗa min tukuna. Miƙa shi za ki yi, ko tare su?"

Ta dube shi. Idonta a bushe yake ƙamas.

"Matsa."

Ya matsa.

Ta zare sakatar ƙasa da ƙafa. Ta ɗaga hannun da aka ɗaure da ɗankwali ta kama ta sama, ta ja.

Ƙofar ta buɗe, hasken rana ya faɗo mata a fuska. Na gaba-gaba, wani ƙato riƙe da jarkar fetur, ya ɗaga ƙafa zai shigo, sai ya ga addar a hannunta ya tsaya.

Mama Afiniki ta taka dokin ƙofar ta cika shi da jikinta.

"Wa ke da ashana a cikinku?" ta ce.

Mu haɗu a shafi na gaba.